Yaya Hajara, Ki Zaɓi Sauro

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zafin Gwagwalada?

Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama: ba na so ki yi digiri na biyu a kan ciwon sikila. Na san don ni kike so, ni da aka haifa da shi. Shi ya sa ma.

Zuwanki na ƙarshe kin baje takardu a kan gado kina nuna wa Baba: ga karatun jini a nan Abuja, ga na haɗa magunguna, ga na sauro da zazzaɓinsa can Ibadan. Kowa ya ce na jini, aka yi ta sa miki albarka. Ni ina kwance na rufe fuska da littafi, amma na ga takardar Ibadan kika fi daɗewa da ita a hannu kafin ki tura ta ƙarƙashin filo.

Kin tuna kwalbar nan? Kika ɗebo ruwan kwata a bayan tashar Nyanya, kika ɓoye ƙarƙashin gadonmu, wai kina kiwon 'ya'yan sauro. Kullum sai kin tashe ni in ga yadda suke wutsil-wutsil. Ranar da Mama ta zubar, kuka kika yi har kika ƙi cin tuwo. Maman Blessing maƙwabciyarmu ta dinga kiranki "Oga Sauro". In kina zancen jini, ban taɓa ganin fuskarki ta yi hasken da ta riƙa yi a kan kwalbar nan ba.

Tun da kika fara maganar sikila, wayarki ta canza. "Kin sha ruwa? Kin sha magani? Buɗe ido in gani." Da can tambayarki ita ce, ina aka kwana a littafin soyayyar da nake karantawa, saurayin ya faɗa wa yarinyar ko har yanzu yana kewaye-kewaye? Yanzu in na gama littafi ba ni da wanda zan ba labari. Ɗakin shiru, sai hon ɗin motocin da suka maƙale a hanyar shiga gari. Likitoci ina da su, Yaya. Ke kuwa ɗaya ce gare ni.

Za ki yi mini dariya, amma littattafan soyayyar nan sun nuna mini wani abu: wanda ya zauna da kai don tausayi, wata rana zai dube ka ya tuna abin da ya bari. Wallahi na fi tsoron wannan kallon a kan ciwon ƙashi.

Ibadan da nisa, na sani. In ciwon ya tashi zan neme ki in rasa, kuma zan yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki tafi. Ki riƙa kira kina ba ni labarin sauronki, ni kuma in ba ki nawa.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya ba ni lafiyar zuwa ranar da za ki gama.

Da na yi niyyar cusa takardar nan cikin littafi in yi shiru. Amma Baba ya ce Litinin za ki cike fom. In kin zo ran Asabar, da hannuna zan miƙa miki, in gudu kicin. Kar ki biyo ni sai kin kai ƙarshe.

Ƙanwarki,
Safiyya