Kujerar da Na Roƙi Evelio

Havana, 9 ga Maris, 1955

Zuwa ga Yayata Migdalia,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mijinki da yara. Yaya ƙafar Mama? Ina fata ta daina kumbura. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara da wuri.

Yaya, ina da ciki, wata biyu. Ke kaɗai na gaya wa. Kada Mama ta ji tukuna, domin shi kansa mijina Evelio bai sani ba.

Na san za ki ce littattafai sun lalata ni. Wataƙila. Amma na karanta na soyayya sun fi ɗari, ban taɓa ganin inda mace ta buɗe baki ta faɗi wannan magana tsirara ba. Kullum sai ta bar wata alama, mijin ya gani, ya tsaya cak. Ni ma haka nake so. Shi ya sa ranar Lahadi muna cin shinkafa da baƙin wake na ce masa, "Evelio, ina son ka yi mini comadrita." Kin san a garinmu in mace ta roƙi 'yar kujerar lilon nan marar hannuwa ta shayar da jariri, miji ba ya tambayar komai, sai dai ya fita ya sayo wa abokansa sigari.

Ya ajiye cokali ya zuba mini ido. Na ce a raina, to, ga shi nan. Sai ya ce, "Ba hannuwa! Nela, ba hannuwa! Me ya sa ban taɓa tunanin haka ba?" Ya jawo takardar da aka naɗo burodi ya hau zane. Abincinsa ya huce.

Ba laifinsa ba ne duka. A birni ya tashi, shi kaɗai ne wajen uwarsa, bai taɓa zama gidan da ake goyo ba. Kuma tun da ya buɗe shagonsa na kujeru ba ya ganin komai sai layin zane. Ya tsani sassaƙar furanni, ya tsani kujerun iyayenmu masu nauyi. Kujerun falonmu ƙafafunsu sirara kamar na zalɓe, baƙi suna tsoron zama.

Na yanke shawara ba zan faɗa ba sai ya gane da kansa. Na ba shi zuwa ranar da zai gama kujerar.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki,
Onelia

Havana, 14 ga Afrilu, 1955

Yaya Migdalia,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta iso tare da alewar gwaiba. Na cinye rabi a tsaye. Faɗan ma na karanta shi sau biyu.

Kujera tana tafiya. Makon jiya ya kira ni shago ya auna ni, daga gwiwa zuwa ƙasa, daga ƙugu zuwa kafaɗa. Da ya zagaya tef ɗin a ƙuguna na riƙe numfashi, ba don in ɓoye ba, don in ji abin da zai ce. Ya rubuta lambar a littafinsa ya ce, "Alewar Migdalia tana aiki."

Akwai wani dattijo a shagon, Baba Nicasio, shi ke saƙa mazaunin kujeru tun kafin a haifi Evelio. Yana ganin zanen ya ɗago ya dube ni, ya dubi takalmina da na daina ɗaure wa igiya, ya cire hularsa. Ya ce, "'Yata, Allah ya raba lafiya." A hankali ya faɗa, zarto yana ƙara. Sannan ya juya ya ɗaga murya, "Maigida, wannan kujerar wa za ta ɗauka? Mutum ɗaya ko biyu?" Evelio ya ce, "Ɗaya mana, Baba, ba ka ga faɗinta ba?" Kafintoci uku suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa.

Yanzu kowa a shagon ya sani sai mai shagon. In ya shigo da safe sai wani ya ce, "Maigida, ka yi barci sosai? Ka yi ta yi tun da sauran dama." Shi kuwa ya yi godiya. Na tsaya bakin ƙofa ina kallo kamar a wani littafi nake karantawa, sai daga baya na tuna cewa mijina ne ake yi wa dariya, kuma ni na jawo. Mutanen nan sun girme shi. Shekara biyu ya yi kafin su daina kiransa ɗan makaranta.

Duk da haka ban faɗa ba. Kullum ina ganin gobe zai gane, in na faɗa yau na yi asarar goben.

Kujerar tana da kyau, ba zan ɓoye ba. Jan katako, layi ɗaya tun daga baya har ƙarshen ƙafar lilon, ba ƙusa ko ɗaya. Ya sauke ta ƙasa sosai, ya kwantar da bayanta. Wata mata mai babban kanti a unguwar Vedado ta gani, ta ce za ta sa ta a tagar kantinta, a ɗauki hoto don mujalla. Evelio ya sa wa kujerar suna Onelia. Da ya gaya mini na yi murna, na kuma shiga banɗaki na yi amai.

Taki,
Onelia

Havana, 22 ga Mayu, 1955

Yayata,

Ina gaishe ku duka, ina fata Mama ta samu sauƙi. Ni lafiya, sai bayana da ke ɗan ciwo.

An gama. Bari in ba ki labarin yadda ya faru, ba yadda na so ba.

Ranar Alhamis mai hoto ya zo shago, tare da matar kantin. Aka share garin katako, aka rataya farin ƙyalle. Evelio ya ce ni zan zauna. Na sa koriyar rigata da na buɗe wa ɗinki, na riƙe littafi kamar ina karatu. Zama ya yi daɗi. Kujerar tana karɓar mutum kamar ruwa.

Da aka gama na yunƙura in tashi, sai ta mayar da ni. Na sake, ta sake mayar da ni. Ba abin dafawa, gwiwoyina sun fi ƙuguna tsawo, ga nauyin da ban saba da shi ba. Sau uku. Matar kantin ta kau da kai. Wani kafinta ya yi tari. Evelio ya zo ya kama hannuna ya ɗaga ni, idonsa a kan ƙafar kujerar, yana cewa, "Ikon Allah, ni ba ta yi mini haka."

A nan na ji na gaji. Na ce, "Evelio, ciki gare ni. Wata huɗu da rabi." Haka kawai, a gaban mai hoto.

Bai tsaya cak ba kamar na littafi. Ya dubi cikina, ya dubi kujerar, sannan ya juya ya bi ma'aikatansa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi mamaki, ya kuma lura. Ya ce, "Baba Nicasio, tun yaushe?" Dattijon ya ce, "Tun ranar da ka kawo zanen, ɗana." Kunnuwansa suka yi ja. Ya raka matar kantin har mota, ya yi wa mai hoto godiya, bai sake shigowa ba.

Da yamma na same shi a gida zaune a ƙasa, ya jingina da bango. Ya ce, "Kowa ya riga ni." Na ce ai shi na fara gaya wa, a kan tebur, ranar Lahadi. Ya ce, "Kujera kika roƙa, Nela. Kujera na yi miki. Mako goma ina yin ta." Na haɗa masa kofi, ya sha, ya tambaye ni ko na ga likita, da watan da ake sa rai. Na ce Oktoba. Ya rubuta a littafinsa na awo.

Kujerar tana tagar kanti yanzu. Na wuce na gan ta jiya. An cire katin da ke ɗauke da sunana, an sa lamba. Ban tambaye shi ba.

Ranar Juma'a bai je shago ba, na ɗauka ba zai iya haɗa ido da su ba. Jiya Asabar da rana na ɗauki abinci na nufi shago ko zan dace, don ya fita tun safe bai ce inda za shi ba. Na same shi a tsakar shagon zaune a kan akwati, Baba Nicasio a tsaye a kansa, kafintocin duka suna ji. Dattijon ya naɗe buhu kamar jariri ya ɗora masa a hannu, yana cewa, "Riƙe shi da kyau, kansa a nan. To, tashi. A'a, ba da hannu ba, hannunka yana da aiki. Ka gani? Baya a miƙe, ƙafar lilo gajera, ita za ta tura mai jego gaba. Matan da ba su taɓa riƙe fensir ba ne suka koya mana." Evelio ya tashi da buhun, ya zauna, ya sake tashi. Wani ya ce, "Maigida, jaririn ya yi kama da kai." Aka yi dariya. Shi bai yi ba, amma bai ajiye buhun ba. Ya ce, "Inci nawa daga ƙasa, Baba?"

Har yanzu magana kaɗan yake yi mini. Da safen nan ya ce daga yau in ruwa nake so in ce ruwa. Na ce to.

Yanzu ki gaya wa Mama. Ki faɗa mata kai tsaye.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Onelia