Ba Zan Fasa Bahonki Ba, Inna

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa da durƙuso har ƙasa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Yau kwana talatin da uku da muka kai ki Gwaram. Na san takardar nan ba za ta same ki ba, amma za ta samu waɗanda nake so su ji, don da an ce na yi rubutu ƙanenki Kawu Ado zai sa a karanta masa.

Shi ne ya aiko jiya. Wai in fasa bahon wankan da na sa miki a banɗaki, in ba haka ba babu wani danginki da zai ƙara taka gidana a Birnin Kudu. Wai ba a wanke mutum a kwance sai gawa, ni na yi miki mugun fata, na kwantar da ke a farin kwami kamar makara, shi ya sa ba ki rufa shekara ba. Har maigidana Malam Garba, da bakinsa, ya ce in bari a mayar da shawar wanka ta da don a zauna lafiya.

Ba zan fasa ba, Inna. Ke kin san dalili, su ne ba su sani ba.

Kin tuna da muka gina gidan nan, lokacin da kuɗin mai suka shigo kowane malamin makaranta yana ji da kansa? Muka yi banɗaki a cikin ɗaki, farin tayil har rabin bango, ga shawa a sama, ga ɗan daɓen nan mai santsi da ake tsayawa a kai. Da kika zo gani kika leƙa, kika ce ke ba kya wanka a tsaye kamar wadda ruwan sama ya tare a gona. Kika ɗauki bokitinki da ƙwarya kika zagaya bayan gida.

Sai ciwon ya zo, ɓarin jikinki na hagu ya shanye. Na je da kaina na ɗauko ki daga Gwaram, don a nan asibiti yake. Babu wanda ya ce a bar masa ke.

Tsuguno ya gagare ki, tsayuwa ta gagare ki. Na sa miki kujera 'yar tsugune a kan daɓen, ta zame, kika bugu a gwiwa. Sai ya zama dole in riƙe ki in cuɗa ki. Ni kuwa 'yar farinki ce. Tun da aka haife ni ba ki taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan". Ba ki taɓa cin abinci a gabana ba. Matar da ke wannan kunya, ita ce zan kwance wa zani kowace safiya.

Ranar farko kika juya fuska bango har na gama. Rana ta biyu kika ce ba kya jin wanka. Aka yi kwana tara kina cewa haka. Ke da ba a taɓa jin ki ba sai da ƙanshin turaren wuta, kika koma kina jan mayafi kina matsawa in mutum ya zo kusa. Na shiga madafa na yi kuka har na gode Allah. Kawu Ado yana ina a lokacin? Sau ɗaya ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sannu, ya ce motar Basirka za ta tashi.

A asibiti na ga baho, na ce wannan ne. Na sa aka ɗauko shi daga Kano a bayan babbar mota, 'yan unguwa suka fito kallo, wata ta tambaya ko jirgin ruwa muka saya. Wani birkila ya kwana huɗu yana aiki. Ya fasa daɓen, ya tarar ramin ruwansa a tsakiya yake, na bahon kuwa a ƙarshe, dole ya tone ƙasa ya karkata bututu. Tayil ɗin da ya farfashe aka nemi irinsa aka rasa, sai kore aka samu, har yau bangon kamar zanin da aka yi wa maho. Na sa ya yi matakala ɗaya, maƙeri ya kafa ƙarfen riƙewa a bango.

Kina daga gado kina jin bugun guduma, kika ce 'yan boko ba sa gajiya da ɓarna. Na ji ki sarai, na yi kamar ban ji ba.

Ranar da aka gama na zuba ruwan zafi daidai ƙugu. Na shigar da ke da zaninki a jiki, na jingina ki, na ajiye soso da sabulu da ƙwaryarki a hannun dama. Na fita na ja ƙofa. Ina tsaye a waje na ji ƙwarya ta fara ɗiban ruwa. Can na ji kina 'yar waƙarki ta daka, a hankali, da rabin baki. Da kika gama kika ja wani zanin kika rufa, sannan kika buga ƙwarya a jikin bahon, na shigo.

Ba ki ce kin gode ba, ban kuma sa rai ba. Cewa kika yi gobe a ƙara zafi.

Wata bakwai kika yi kina wanka da hannunki. A zaune, Inna, ba ki taɓa kwanciya a ciki ba, amma wa zai gaya wa mutumin da bai taɓa leƙawa ba? Ajali ya zo ya same ki da tsabtarki, da alwalarki. In wannan ne mugun fata, na yi, kuma da za a dawo min da ke sai na ƙara.

Akwai abin da ban gaya miki ba, don kunyar taki ta shafe ni, ko da yake na ga kina satar kallon ƙafafuna da suka kumbura. Wata biyu ya rage min in sauka. Danginki sun ce in zo gida a yi min wankan jego, kada in kuskura in shiga abin nan da ɗanyen jiki. A nan zan yi. Za a dafa ruwa da ganyen darbejiya a juye a ciki, in zauna inda kika zauna, safe da yamma har kwana arba'in. Wanda yake jiran ya ga abin da zai same ni, ƙofa a buɗe take, ya zo ya zauna a ba shi kunun kanwa.

Ina kewarki, Inna. Kowace safiya sai na ɗora ruwa ya wuce na mutum ɗaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya wanke ki tas kamar yadda kike so. Ya sauke ni lafiya, Ya shirya tsakanina da danginki ba tare da na durƙusa a kan abin da ban yi ba. Amin.

Taki har kullum,
Binta, Birnin Kudu.