Ranar da Aka Taka Wata Ka Rufe Mini Ƙofa

Zuwa ga hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyina bayan doguwar tafiya, maigidana Mai Rediyo,

Ina gaishe ka, don ko fushi bai hana ni gaishe ka. Ni za ka rufe wa ƙofa? Ni?

Da ciwon nan ya shanye maka ɓarin jiki, aka sallame ka daga asibiti, ka ce a wuce da kai gidan 'yarmu Auta. Na ce to, can ya fi kusa da likita. Yau na yi wanka, na sa kayan da kake so, na hau benen nan ina nishi ina dafa bango. Sai ga 'yar da na haifa ta tare ni a bakin ƙofa, ido jawur: "Mama, ki yi haƙuri, Baba ya ce kada ki gan shi haka." Alhali ina jiyo tarinka ta bayan labule! Tarin da ko a tsakiyar kasuwa zan gane!

Kuma ka rasa ranar da za ka yi mini haka sai yau, Malam? Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, a rana irin ta yau, ka fito da lasifika bakin shagonka ka ɗora a benci, layi ya cika maƙil, rediyo na ta maimaita cewa mutane sun sauka a kan wata. Mahaifina, telan da ke jikin shagonka, ko ƙafa bai ɗaga daga keken ɗinki ba. Cewa ya yi, "Wa ya riƙe musu tsanin?" Ni kuwa na kawo masa abinci, na sandare da kwano a hannu har ya huce. Ka matso, kana warin dalma da ƙonanniyar waya, ka raɗa mini cewa in mutanen nan suka dawo lafiya za ka turo manyanka gidanmu. Ban san su ba, ban jin yarensu, amma na kwana na tashi ina roƙa musu Allah kamar yayyena! Ranar da aka ce sun faɗo cikin teku da ransu, tukunya na bari ta ƙone ƙurmus, na sha faɗa ina murmushi.

Tun daga nan ranar ba ta taɓa wuce mu ba, sai mun zauna mun yi dariyar tsanin Baba. Har shekarar da gobara ta cinye shagon, a gaban tokar muka zauna.

To me kake ɓoye mini? Baki ya karkace? Yawu na zuba? Haba, sanyin zuciyata! Wa ya riƙe ka kana kuka wiwi ranar da muka rasa ɗanmu na fari? Da aka yi mini aiki na kasa tashi, wa ya yi ta yi mini wanka yana kawar da tasar bayan gida, bai ko yamutsa fuska ba? Kai ka isa ka ga raunina, ni ban isa in ga naka ba? Wannan ba kunya ba ce, Malam, rowa ce. Ka ba ni ƙuruciyarka da ƙarfinka, yanzu ka hana ni ciwonka, kamar ni baƙuwa ce mai zuwa dubiya!

Ya bishiyar da na jingina da ita, ɗakin nan ya yi mini faɗi. Ina dafa abincin mutum biyu in zauna ina hararar kujerarka.

Gobe da hantsi ina nan tafe da jakar kayana da reza, don an ce gemunka ya yi buzu-buzu, ka hana kowa taɓawa. Ke kuma Auta, na san ke kike karanta masa: kada ki tsallake layi ko ɗaya, kuma ki gyara mini gefen gadon. Kai kuwa, in ka ga dama ka juya fuska bango. Bayan naka ma na san shi, da shi zan yi hira.

Taka ce ni, da fushina da komai, har numfashi ya ƙare,
Matarka