Na'urar Rogo Ta Gane Surukarki

Zuwa ga Innar Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Da hannuna nake rubuto miki, da karatun ajin yamman nan da kike yi mini dariya a kai, wai tsoho ya koma ɗan makaranta.

Albishirinki, Bilki matar autanmu ta sauka. Amma da ƙyar ta sha.

A nan Kurugu, ƙasar Ƙaraye, ta yi awo. Da haihuwa ta matso, iyayenta suka ɗauke ta goyon ciki zuwa Falgore, kamar yadda aka kai ki gida kina da cikin Habu. Aka manta katin awon a ɗakinta. A nan da sunan mijinta aka rubuta ta, a can kuwa da sunan mahaifinta suka san ta. Bayan ta haihu jini ya ɓalle, aka garzaya da ita asibiti a Rogo a sume. Akwai wata allura da jikinta ba ya ɗauka, a wurin awo aka gano haka. Iyayenta ba su sani ba, mijinta kuma yana gona babu waya.

Kin tuna Hauwa, jikarki da kike cewa ta fi alƙali tambaya? Ita da abokan aikinta sun daɗe suna fama su sa na'urorin kwamfuta na asibitoci su fahimci juna. Ta ce mini haɗa su ba wuya, wuyar ita ce duk su bi ƙa'ida guda: wace ce 'ya, wace ce mata, kuma 'yar wani a Rogo tana iya zama matar wani a Ƙaraye. Har zaunar da ni ta yi in bayyana mata goyon ciki. Na ɗauka tsokanar jika ce.

To, na'urar Rogo ta tambayi ta Ƙaraye, suka gwada uba da miji da watannin ciki, suka tabbatar mace ɗaya ce. Ma'aikaciyar jinya ta riga ta zuƙi allurar, sai ga gargaɗi a gabanta. Ta ajiye.

Da aka ba ni labari, zama na yi a ƙasa. Ke da kin ce rai na Allah ne, kuma haka ne. Ban dai taɓa zaton ta wannan hanya zai kawo ɗauki ba.

Mace aka samu. Ni da ban taɓa kiran sunanki ba duk zamanmu, sai ga ni na raɗa shi a kunnen jaririya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya raya takwararki, Ya haɗa mu a Aljanna.

Naki har kullum,
Baban Habu