Rabonmu Ɗaya da Yayana, Amma Shi Ya Sayi Fili

Assalamu alaikum Gwaggo Tasalla. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'ar ƙarshen watan ga, don in ta wuce ban sani ba ko zan ƙara sa hannu kwano ɗaya da yayana.

Ni mutumin Illela ne. Mu biyu ne maza wurin mahaifinmu, ni da Yaya Maharazu. Da Allah ya yi wa tsohon rasuwa ya bar muna rumfa cikin kasuwa, muna sayar da dabino da aya da kanwa da muke ɗaukowa Ƙonni ta Nijar, mu kuma kai masara can. Tun ranar da munka karɓi rumfar ba mu taɓa rubuta komai ba. Duk Lahadi in kasuwa ta tashi mu fitar da uwar kuɗi, abin da ya hau mu raba biyu, kowa ya sa aljihu. Shi ke da mace ɗaya da 'ya'ya huɗu, ni mace ɗaya da 'ya'ya uku. Ke nan ko nauyi nawa bai kai nashi ba.

Abin ya faro ne bara, da idon Innarmu ya yi yana, likita ya ce sai an yi mata aiki Sakkwato. Lokacin ba a daɗe da buɗe iyaka ba, kowa ya san yadda rufewar nan ta karya mutane. Ni dai na juya aljihu ban samu abin kirki ba, har na fara tunanin sayar da babur ɗina. Yaya ya fita da safe, kafin la'asar ya dawo ya ce a shirya Inna gobe a tafi. Wai raguna biyu ya sayar. Na ji daɗi, amma wallahi na ji kunya, kuma a raina na ce raguna daga ina? Ban gama haɗiye wannan ba, bana sai ga labari ya sayi fili wajen Araba, har an fara buga bulo.

Akwai abokina Jabiru da muke zama teburin mai shayi da safe. Shi ya fara ce mani ruwa ba ya tsami banza, in buɗe idona. Ya tambaye ni wa ke zuwa canjin sefa in mutanen Nijar sunka biya mu. Na ce Yaya. Ya ce to wa ke ganin farashin da anka ba shi? Gaskiya ban taɓa bin shi ba. Tun ranar nan barcina ya ragu.

Gwaggo, ba zan ɓoye maki ba, na bi shi. Wata Lahadi na rufa mashi baya tun daga ƙofar gida. Bai tsaya wurin mai shayi ba, bai tsaya wurin mai tsire ba, gorar furarshi na rataye ga babur kamar kullum. Bayan ya fito wurin 'yan canji sai ya ratsa ta kara, inda ake sayar da dabbobi, ya ja wani Bafillace gefe ya damƙa mashi wani abu. Na bincika, anka ce Boyi ne, rugarsu na wajen Lafani. Na tafi har can da sunan sayen nono. Boyi ya tarbe ni da fara'a, ya nuna mani tumaki da awaki, ya ce waɗanga duk na ɗan'uwanka ne, da tunkiya guda anka fara tun tsohonku na da rai, kuma duk kasuwa sai ya kawo ɗan abin da ya samu, wani lokaci ko kuɗin dusa bai kai ba. To amma Boyi amininshi ne. Mi zai hana su haɗa baki?

Matata Iklima ita ma na sa ta ta lura da gidan Yaya. Ta dawo tana ba ni labarin banza, wai Shafa'atu matar Yaya tana shanya tumatir da tattasai ta yi kauɗa lokacin da sunka yi araha, wai gero tun kaka suke saye su aje, wai ko atamfa ta gani tana so sai ta bari kasuwa ta zagayo, in har lokacin tana ranta sannan ta saya. Har cewa ta yi mu ma mu gwada. Na ce mata kauɗa da fura ne za su sayi fili? Ni fa na taɓa gwada tsarin kashe kuɗi, na sayi littafi ina rubuta har kuɗin ashana, ban yi sati biyu ba na jefar, don ji na yi kamar na sa kaina kurkuku. Shi ko bai rubuta komai, bai fasa yi wa 'ya'yanshi ɗinkin salla ba, bai fasa ba da gudummawar biki ba.

Abin da ya fi tsaya mani shi ne wannan. Wata rana na tambayi wani ɗan canji farashin sefa da hantsi, da yamma Yaya ya faɗa mani abin da bai kai haka ba. Bambancin kaɗan ne, amma akwai shi. Na tambaye shi gaban yaran rumfar maƙwabta. Ya dube ni ya daɗe, ya ce farashin safe daban na yamma daban, kuma ni ma na sani. Daga nan bai ƙara ba. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shirun nan nashi, na mai gaskiya ne ko na wanda anka kama?

Na riga na gaya wa Kawu Sahabi, ƙanen Inna, ina son a zauna a raba rumfa, an sa ranar Juma'ar nan. Bai san dalili ba, Inna ma ba ta san da zancen ba. Niyyata in faɗi komai a wurin zaman. Wani lokaci sai in ji na yi daidai, wani lokaci in tuna shi ya goya ni ranar da na karye muna yara. Ki gaya mani gaskiya, cuta ta yake yi ko ni ke cutar kaina?

Naki, Ƙanen Mai Fili, Illela.

Wa alaikumus salam, ɗana.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma zan fara da inda kake da gaskiya. Kasuwancin haɗin gwiwa da mutum ɗaya ke riƙe canji shi kaɗai ƙofa ce a buɗe, ko ɓarawo bai shiga ba zargi zai shiga. Neman a gyara wannan haƙƙinka ne. Shi ma yayanka ya yi sake da ya bar ka cikin duhu, don da ya ce maka zo ka ga dabbobina tun farko, da ba ka je ruga da ƙaryar sayen nono ba.

Amma ka nemi gaskiya, ga ta. Ka bi mutum a ɓoye, ka je ruga, ka sa matarka leƙen gida, duk abin da ka samo shi ne ɗan bambancin farashi na yini guda, a sana'ar da kai kanka ka san farashinta ba ya kwana wuri ɗaya. Wannan ba hujja ba ce. Ban ce ba zai yiwu a cuce ka ba, ban san zuciyar Maharazu ba. Na ce dai abin da ke hannunka bai isa a kira ɗan'uwa ɓarawo a gaban kawu ba, kuma kalmar nan in ta fita ba ta komawa. Shirun da ya yi maka kuwa, ka tuna a gaban yaran mutane ka tambaye shi.

Ka tambaya ko kauɗa da fura za su sayi fili. Su kaɗai ba za su saya ba. Amma tunkiyar da ta shekara da shekaru tana haihuwa, a gidan da ba ya sayen gero da tsadar damina, wurin mutumin da kuɗinsa ke barin aljihu kafin ya isa gaban mai tsire, za ta saya. Yayanka bai fi ka samu ba, ya fi ka toshe ƙananan ramuka. Kai ma ka duba teburin shayin nan: in an tashi, wa ke biya? Ka duba ko mai ba ka shawarar buɗe ido yana cikin waɗanda ake biya wa.

Ba sai ka koma wa littafi ba, tunda bai karɓe ka ba. Ranar rabo, kafin ka bar rumfa, ka cire wani abu komai ƙanƙantarsa ka mayar da shi abin da ba ya kashuwa da sauƙi, akuya ko buhun hatsi. Ka karya kumallo a gida, shayin majalisa ya zama na wani lokaci. Abin da ba ciwo ba, ba yunwa ba, ka bar shi ya kwana kafin ka saya. Kuma ka saurari Iklima, ta kawo maka amsa ka kira ta labarin banza.

Batun Juma'a, kada ka bari ta same ku a haka. Ka je gidansa da ƙafarka, ku biyu kawai. Ka ba shi haƙuri kan tambayar da ka yi masa a bainar jama'a, ka yi masa godiyar idon Inna in ba ka yi ba, sannan ka ce kana so daga yanzu ku riƙa zuwa canji tare ko ku yi karɓa-karɓa. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba. In ya ƙi, ko ka ga giɓi bayan an buɗe komai, to ka je wa Kawu Sahabi da abin da idonka ya gani, a raba cikin mutunci. In ya yarda, ka ce wa Kawu zaman ya zama na sa albarka.

Ka shiga da sallama, ka zauna ƙasa da shi, ka bar shi ya gama maganarsa ko da ta yi maka ɗaci. Allah ya huci zukatanku, ya sa albarka a rumfarku, ya nuna mana ranar da kai ma za ka aza tubalin naka.

Taku, Gwaggo Tasalla.