Ciyaman Bai Ce Komai Ba Tukuna

Zuwa ga matata, ɗalibar gidanmu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da kwas ɗin nan da ya ɗauke mana ke. Mu nan lafiya lau, ni da ɗanki Ciyaman. Yana nan yana mulkinsa: ya ƙwace matashin kanki, ni kuma an kora ni bakin gado.

Kin san a waya ba abin da ke fita daga bakina sai "lafiya lau," shi ya sa na ɗauki biro.

Jiya da na je ɗauko shi a gidan raino, Anti mai kula da ajinsu ta ce in ɗan dakata. Kin san tsarinsu: in an tashi, takan tsaya a bakin ƙofa ta kira kowane yaro da sunansa, shi kuma ya amsa ya ɗauko jakarsa. Ta ce kowa na amsawa, har waɗanda Ciyaman ya girma, ban da shi. Yana can lungu yana jera murafun kwalba. In yana son ruwa sai ya ja hannunta ya ɗora a kan kofi, bai dubi fuskarta ba. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta ce ita ba likita ba ce, amma yaron da ke neman shekara uku, da ma a kai shi a duba.

Ni kuwa na gyara tabarau na yi mata lacca. Na ce masana da yawa sun makara kafin su yi magana, ni ma Inna ta ce na daɗe ban buɗe baki ba, ga shi yau ɗalibaina na neman mai rufe shi. Ta yi dariyar ladabi.

A hanya na bar shi ya wuce gaba, na kira sunansa na yanka, a hankali, sannan da ƙarfi. Mai shagon layinmu ne ya waiwayo.

Na karɓi ranar ganin likita. Kada ki tashi hankalinki, nawa ya ishe mu mu biyu.

Mijinki,
Baban Ciyaman

*

Zuwa ga matata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya kewa? Na ji kin ce za ki haɗa kaya ki taho. Kada ki yi. Jarrabawarki ta kusa, kuma na san shekarun da kika yi kina jiran wannan dama. Allah ne kaɗai ya san yadda na danne zuciyata na rubuta wannan layin.

Mun ga likita. Kunnensa ras yake. Da ma mutumin da ke jin buɗe firji daga uwar ɗaki ba kurma ba ne. Ta ƙi sa wa abin suna tukuna. Ta tura mu wurin mai koya wa yara magana, ta kuma ce gara da muka zo da wuri. Na koma na yi wa Anti godiya, wannan karon ba lacca.

Aikin da aka ba ni shi ne in yi ta yi masa hira. Ni da ake biya don surutu, ashe a gida ban iya ba. Ke ce rediyon gidan nan. Tun da kika tafi, ni na kama littafi, shi ya kama murafunsa, sai agogo ke magana a falo. Yanzu ina bin sa ina cewa ga cokali, ga takalmi, ga Baba yana wanke tukunyar da ya ƙona. Maƙwabciyarmu ta fara gaishe ni da tausayi.

Likita ta tambaye ni irin gwarancin da yake yi yana jariri. Na ce sai na tambaye ki. Ke kika sani. Ki rubuto mini duk abin da kika tuna.

Ga roƙona. Kullum da yamma ki kira, zan ƙara murya in ajiye wayar a tabarma kusa da shi. Ki faɗi duk abin da ya zo bakinki, ko faɗan kwanukan da ban wanke ba ne. Wataƙila ba zai juyo ba, kada hakan ya sa ki katse. Ki ci gaba kawai. Akwai wani babba a ɗakin da zai yi shiru yana ji.

Naki har kullum,
Baban Ciyaman