Fuskar Da Ke Cikin Madubi

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya lau, sai dai hankalina da ya ƙi kwanciya. Na zaɓi rubutu ne domin waya a gidan nan ba ta da sirri, da na ɗaga 'yata Ƙarama za ta kasa kunne.

Kin san Baban Ƙarama da fim ɗinsa na ɗan leƙen asiri, wanda ya shekara da shekaru yana jiran kashi na ƙarshe. Ai ke ma kin sha labarinsa sanda kika zo, har ya hau kan kujerar falo yana nuna miki yadda jarumi ya diro daga jirgi, ya fasa mini kofi. To fim ya fito. Ranar Asabar da rana ya yi wanka, ya fesa turare, ya ce shi da abokinsa Makanike za su sinima. Na kwashe kofunana daga tebur, na zauna ina jiran ya dawo ya cika mana kunne.

Yaya, mutumin nan ya shigo kamar an yi masa rasuwa. Da na tambaya, sai ya ce wai fim ɗin bai yi ba, duhu ne tun daga farko har ƙarshe. Wai ba a ma nuna wanda ya ci amanar jarumi ba, kawai jarumin ya tashi ya harbe tsohon ogansa babu gaira babu dalili. Daga nan ya ja bakinsa ya rufe.

Da abin ya wuce, sai wata mai kawo mini ɗinki a shago ta ce ita ma ta kalla, kuma inda aka tona asirin maci amanar nan ne mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Allura ta kusa soke ni. Wane fim ke nan mijina ya kalla? Ko kuwa ina ya je da turarensa?

Kuma ba wannan kaɗai ba. Kwanan nan saƙo zai shigo wayarsa, ya kifa ta, ba zai karanta a gabana ba. Ni kaina idan na tura masa, sai dai ya kira. Ban ce komai ba tukuna, amma wallahi ban yarda ba. Mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba tun aurenmu, idan ya fara yau, ban san a kan me zan tsaya ba.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya kuma gwiwa ta lafa. Amsarki ta iso. Kin ce in yi haƙuri in daina bin diddigin miji. Na ji, amma kin san halina, ban iya haɗiye abu yana tsaya mini a wuya ba.

Rufe shago na yi na tafi sinimar da kaina. Ni da ban damu da harbe-harbe ba, sai ga ni na riƙe hannun kujera gam. Gaskiya jiran da aka yi bai tashi a banza ba. An ɗan ja zance a tsakiya har na yi hamma, kuma budurwar jarumi ba ta da aiki sai kuka, amma tseren motoci a kan gada kaɗai ya isa. Duhun da ake faɗa kuwa, ni ban gan shi ba. Akwai wuraren dare, amma komai tar. Maci amanar ma an nuna shi ƙiri-ƙiri. Jarumi na zaune a mota, ya kalli madubin gefe, sai ga fuskar tsohon ogansa yana miƙa wa abokan gaba jaka. Babu wanda ya yi magana a wurin, kiɗa ne kawai. Ki gaya mini, mijina, direban motar makaranta da ya yi rabin rayuwarsa yana kallon madubi, shi ne wannan zai wuce shi?

Da na dawo ban nuna na je ba. Ina zuba masa abinci ina jefa tambaya ɗaya-ɗaya kamar ban damu ba. Abin mamaki, duk maganar da aka yi a fim ɗin ya san ta, har barkwancin da jarumi ya yi wa mai gadi. Amma da na tambayi launin motar, sai ya ce baƙa. Ja ce, Yaya, ja wur! Nan na ce lallai labari aka ba shi ya haddace.

Na tare Makanike a garejinsa. Ya rantse mini kafaɗa da kafaɗa suka zauna har aka kunna fitila. Yana rantsuwa yana goge hannu da tsumma, ya ƙi haɗa ido da ni. Bakinsu ɗaya, ai na sani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na shekaranjiya. Ina tsallaken titi wajen kantin magani, sai ga shi ya fito daga ciki. Na ɗaga masa hannu, na sake ɗagawa. Ya juyo, fuskarsa na kallon inda nake, ya wuce abinsa kamar bai taɓa sanina ba. Da ya dawo gida ya ce wai bai gan ni ba. Me ya saya da ba ya so in gani, kuma wa zai kai wa? Na tsaya a bakin titin nan kunya ta rufe ni, sai ka ce ni ce na yi laifi.

Kada ki gaya wa Mama. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya.

Na bi shi. Da safe bayan ya fita da motar makaranta ya kwashi yara, na hau tasi na ce a bi bayansa. Ina jiran in ga inda zai ratse. Bai ratse ko'ina ba. Tafiya yake a hankali, ya manne wa gefen titi, motoci na ta yi masa ham. A kwanar kasuwa wata mai tura keken jariri ta sauko daga hagunsa, bai taka birki ba sai da mutane suka yi ihu. Saura ƙiris, Yaya. Ina hango kan Ƙarama ta tagar baya, tana ta hira da ƙawarta.

Da ya dawo da yamma ya zauna a falo, na shigo a hankali ba takalmi, na tsaya dab da kafaɗarsa ta hagu da kofin shayi a hannu. Na daɗe a tsaye. Sai ya ɗaga murya ya kira ni, yana fuskantar kicin, wai in kawo masa shayi.

Kofin ya suɓuce mini. Na durƙusa a gabansa na ce ya dubi Allah ya gaya mini gaskiya. Sai ya faɗa. Watanni ke nan ganinsa na tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin bututu, idan haske ya ragu kuwa sai inuwa. Sinima ya je, ya zauna har ƙarshe, da kunne ya kalli fim ɗin da ya yi shekaru yana jira. Maganin ɗigawa a ido ya saya a kantin nan. Makanike ya sani, shi ke karanta masa saƙonni. Duk zargin da na yi ta dafawa a raina, ashe mijina makancewa yake yi a gabana ban lura ba. Na yi kuka har ya koma shi ke ba ni haƙuri.

Sai ya riƙe hannuna ya roƙe ni in rufa masa asiri zuwa ƙarshen zango. Wai ya san hanyar kamar tafin hannunsa, wai idan makaranta ta ji, tuƙi ya ƙare masa, kuma bai iya wata sana'a ba. Ya ce in yi masa alkawari. Na yi masa.

Ban san yadda gari zai waye mini ba.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na gode da kiran da kika yi ta yi, ban iya ɗagawa ba ne.

Na karya alkawarin. Washegari na tsaya a ƙofa ina kallon Ƙarama tana hawa motar da jakarta, ga 'ya'yan mutane cike a ciki suna ɗaga mini hannu. Na ce ta sauko, na ce da shi yau ni ma zan bi ku. Na zauna a kujerar gaba ina faɗa masa duk abin da ke hagunsa har muka isa. Yana kashe mota na wuce ofishin shugabar makaranta na gaya mata komai. Ta sa aka kira shi, a gabana ta karɓi makullin. Ta yi masa magana mai daɗi, ta ce za a duba masa wani aiki a harabar, amma ko kallonta bai yi ba.

Mun je asibiti. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tare sauran, kuma da an ƙara jinkiri da shi ma ya tafi. Na ɗauka wannan zai sanyaya masa zuciya. Ina!

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi. Yanzu idan yana waya na shigo, sai ya katse. Ƙarama yake kira ta ɗiga masa magani, ni ko kwalbar ba ya bari in taɓa. Jiya ya yi mini tambaya ɗaya tak, wai da za a mayar da ranar baya, zan sake zuwa ofishin nan? Na so in yi masa ƙarya ko don ya ci abincina, bakina ya ƙi. Na ce zan sake. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki matashinsa ya koma falo da kwana.

Ina son mijina, Yaya, kuma ban yi nadama ba, duka biyun suna cina. Don Allah ki zo ko na kwana biyu ne, yana jin maganarki. Idan kin iso ki yi sallama da ƙarfi tun daga ƙofa, ki faɗi ko ke wace ce. Kada ki tsaya a gefensa kina jira ya gan ki.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai jiran zuwanki,
Auta